Tawadar Rana da Babban Yatsan Nomau

A garin Kanyar Baƙo, wanda yau babu kowa a cikinsa sai ƙadangaru da kurciyoyi, an yi wani mai ɗab'i ana ce masa Nomau. Shi kaɗai ke da injin buga takardu a duk yankin, wani tsohon ƙarfe da ake takawa da ƙafa, da shi yake buga katin biki da kalanda da takardun jarrabawa. Ko ba ka san shi ba, da ya buɗe baki ka gane sana'arsa, domin kan harshensa baƙi ne wuluk. Ba ya iya ɗaga takarda sai ya lashi babban yatsa. Gado ya yi wajen mahaifiyarsa, Iya Gwamma, wadda har ya yi furfura in ta ga tawada a kumatunsa sai ta ce, "Auta, matso nan," ta lashi yatsa ta goge masa, ko a gaban wa.

Shekarar da abin ya faru, rijiyoyin garin suka ƙafe ƙaf. Akwai rijiyar burtsatse mai zurfi a bayan kasuwa, injin jan ruwa yana cikinta lafiya lau, amma babu wutar da za ta tashe shi. An taɓa sayo farantan sola na gilashi, kafin mota ta gama ratso duwatsun hanya sun farfashe sun zama gari. Mai Gari Cindo ya tara jama'a ya ce in bazara ta yi nisa ba a sami ruwa ba, kowa ya ɗaure kayansa, za a tashi.

Iya Gwamma ta ce wa ɗanta, "Ku dai ku tafi. Ubanka yana nan bayan gari, yayyenka suna kwance kusa da shi, ni ma na zaɓi wurina. Ba abin da nake roƙo a duniya sai a binne ni cikin nawa."

Maganar ta tsaya wa Nomau a rai.

Ran nan da rana tsaka, lokacin da ko akuya ba ta yarda ta fito, sai guguwa ta taso daga gabas, ta zagaya shagonsa, ta yar da wani abu a bakin ƙofa. Wani baƙin fallen abu ne mai faɗin sallaya, siriri kamar ɓawon albasa, yana ƙyalli. Gefensa ya sauka a kan wayar wata tsohuwar fanka da ta shekara ba ta motsa ba, sai fanka ta kama juyi fir-fir.

Nomau yana tsaye baki buɗe, sai guguwar ta dawo ta tsaya cak, wani dogon mutum ya fito daga cikinta. Ba shi da inuwa, fatarsa kuwa a tsattsage take irin ta ƙasar fadama da rani.

Ya ce, "Aminci gare ka, ya kai bil'adama. Ni ne Hucau, jakadan Birnin Ƙeƙas. Falle ɗaya ya kuɓuce mini daga kayan uwargijiyata. In ka ba ni, ka yi halin girma."

Nomau ya yi ta maza, ya naɗe fallen ya miƙa da hannu biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kayanka. Amma don girman wanda ya halicce mu da ku, gaya mini, wane masaƙi ne ya saƙa wannan?"

"Ba saƙa ba ce, ɗab'i ne, irin naka. Mu tawada muke bugawa a kan leda, ta bushe ta zama ƙananan duwatsu masu shan rana suna ba da wuta. Masananku sun fara gano ta, suna ce mata ferobiskayit, suna ta fama da ita a ɗakunan gwaji. Mu kuwa tawadar rana muke kiranta."

Nomau ya durƙusa ya ce, "In dai ɗab'i ne, ka kai ni in koya. Garinmu zai watse, kuma ina da tsohuwa."

Hucau ya dube shi ya ce, "Hanyar ba ta masu jini a jika ba ce. Amma ka mayar da abin da ba naka ba tun ba a yi maka barazana ba. Kama gefen rigata, kada ka saki."

Guguwa ta ɗauke su. Da Nomau ya buɗe ido, sai ya gan su a wani fili na kanwa, fari fat, iyakar ganinka. Suka ƙetare wani kogi da rairayi ke gudu a cikinsa maimakon ruwa, suka ratsa dajin itatuwan ƙarfe masu zafi, wanda duk reshen da ya shafe ka sai ya bar maka tabo. Can suka iske wasu gajerun aljanu zaune a jere, kowa da faifai a gabansa. Sai su ɗiga tawada a tsakiyar faifan, su juya shi da ƙarfi, tawada ta fantsama ta ɓata musu riguna, ɗan abin da ya rage ya bushe ya zama baƙar tsabar da ba ta fi kwabo ba.

Babbansu ya miƙa wa Nomau ɗaya ya ce, "Ya kai baƙo, karɓi wannan ka koma gida. Duk ƙasar aljanu babu aikin da ya kai namu kyau."

Gaskiya ya faɗa, abin gwanin sha'awa, babu ko ɗigon aibi. Nomau ya ce, "Allah ya ƙara girma, wannan zai tashi injin rijiya?"

"Zai kunna maka ƙwan lantarki guda."

"To, a yi mini mai faɗin tabarma."

Suka jawo wani ƙaton faifai, suka taru suka juya. Tawada ta taru a wani wuri, wani wurin ya fito fayau babu komai. Suka sake, haka. Sai suka dafe kai suna kuka, kukan da babu hawaye a cikinsa. Nomau ya ajiye musu tsabarsu ya yi godiya. Hucau ya ce, "Da ka karɓa, da nan tafiyarka ta ƙare. Mu je."

Suka bi ta wani kwazazzabo cike da zanzaro, kowane yana ɗiga tawada ɗigo-ɗigo a kan leda yana fitar da zane mai ban mamaki, sai dai kafin a jima bakinsa ya toshe ya faɗi. Suka sauka a kan Nomau, fuska da wuya, ya daure bai kore ko ɗaya ba har suka fita.

Gaba kuma sai ga ƙattin aljanu, kowane riƙe da wuƙa mai tsawon ƙyauren zaure, a bakin wani tebur na dutse mai santsi. Kewaye da su akwai ginshiƙai masu siffar mutane, jikinsu duk zane-zanen tawada.

Shugabansu ya ce, "Ya kai ɗan ƙasa, a nan ba a wucewa sai an ja wuƙa. Za mu zuba tawada a wannan gefe, ka ja ta zuwa wancan, ja ɗaya, ba tsayawa, ba rawar hannu. Waɗannan da kake gani a tsaye, hannunsu ne ya yi rawa."

Nomau ya yi bisimilla ya kama wuƙa. Mutumin da ya tsufa yana baza tawada a kan ƙarfe ba a koya masa nauyin hannu. Yana tsakiyar ja sai ya ji muryar Iya Gwamma a bayansa, a shaƙe, tana cewa, "Auta, ƙishirwa. Auta, juyo ka ba ni ruwa." Hankalinsa ya tashi matuƙa, amma bai juya ba, hannunsa bai tsaya ba har ƙarshen tebur. Tawada ta kwanta sumul, ta bushe baƙi ƙirin.

Shugaban ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan hannu ya san aiki. Sai dai mu falle-falle muke yi, kafin ka rufe rufin gari ɗaya ka tsufa. Wuce wurin Magajiya."

A ƙofar Birnin Ƙeƙas suka tarar da ƙwarya cike da ruwan randa mai sanyi, har raɓa na tsatsafowa a jikinta. Rabon Nomau da ruwa tun shagonsa, harshensa ya manne wa dasashi. Mai tsaron ƙofa ya ce, "Mun san al'adarku, ba ku tambayar baƙo labari sai ya sha ruwa. Mu a nan ba haka ba ne. In ka sha, ka sha lafiya, guguwa ta mayar da kai gida. In za ka shiga, a bushe za ka shiga."

Nomau ya dubi ƙwaryar nan har idonsa ya yi ja, sannan ya kau da kai. Aljanun ƙofar suka goge masa gumi da toka, suka ɗaure masa baki da ƙyalle, suka buɗe ƙofa.

Abin da ya gani ya mantar da shi ƙishirwa. Garin gaba ɗaya injin ɗab'i ne guda. Farar leda tana warwarowa daga wani ƙaton naɗi a ƙofar gabas, tana bin tsakiyar gari kamar doguwar saƙar masaƙa. A samanta an rataye wata gora mai siririn baki mai faɗi, tana zubo tawada daidai wa daida daga gefe zuwa gefe. Wata ganga ta ƙarfe tana juyawa tana daidaita ta, wasu aljanu suna hura mata busasshiyar iska mai zafi, nan take sai ta rikiɗe daga ruwan ƙasa ta koma baƙa. Daga nan a lulluɓe ta da wata ledar a like bakin ruf, ta naɗe kanta a ƙofar yamma. Ba tsayawa, ba hutawa. Nomau, wanda yake jin kansa wani abu in ya buga kalanda ɗari a wuni, sai ya ji kunyar injinsa ta kama shi.

Aka kai shi gaban Magajiyar Naɗi, wata tsohuwar aljana da ke zaune bisa karagar gishiri. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zayyana mata abin da ke tafe da shi.

Ta ce, "Ya kai bil'adama, ka ƙi ƙaramin abu mai kyau, ka ja wuƙa ba ka waiga ba, ka bar ruwa kana mutuwar ƙishi. Za mu ba ka gora da ganga da leda da tawada iyakar buƙatar garinku. Amma ka ji sharaɗi. Tawadar rana ba ta da maƙiyi sai laima. Kafin a like ta, kada ruwa ya taɓa ta, ko gumi, ko hawaye, ko tururin baki. Ita kuma ganga ba ta mantuwa, duk abin da ya taɓa fuskarta sai ta buga shi a kowane juyi. Sannan akwai dalma a cikin tawadar, guba ce. Abin da ya mutu kada ka yar da shi kusa da rijiya, ka dawo mana da kayanmu."

"Na ji, na karɓa, ranki ya daɗe."

"Kwance bakinka in gani."

Ya kwance ƙyallen. Ta daɗe tana kallon baƙin harshen nan, sannan ta ce, "Ba na tsoron zuciyarka, hannunka nake tsoro. Yana da wata hanya da yake bi ba tare da ya shawarce ka ba." Ta sa aka kawo wani ɗan kube na ƙarfe aka zura masa a babban yatsa. "Kada ka cire sai ka like falle na ƙarshe."

Nomau ya yi murmushi a ransa. Shi da ya bar ƙwaryar ruwa, shi ake tsoron wa ɗan yawu?

Guguwa ta sauke shi a ƙofar shago da kayansa. Ya tarar manyan motoci sun riga sun iso, an fara loda gadaje da tukwane. Iya Gwamma tana zaune a bakin ɗakinta ta ƙi a taɓa mata ko tsintsiya. Nomau ya roƙi Mai Gari Cindo ya ba shi 'yan kwanaki. Mai Gari ya ce, "Nomau, yara suna suma. Direbobi kuma ba za su jira mu har abada ba. Abin da za ka yi, yi shi da sauri."

Ya shiga shago ya toshe kowace kafa, ya zuba toka a lunguna, ya goge jikinsa, ya ɗaure bakinsa. Ya ɗora gora a kan injinsa, ya zare leda. Saura ganga. An naɗe ta da wata siririyar takarda, ya yi ta warwarewa har ya zo kan zagaye na ƙarshe, wanda ya manne ya ƙi ɗaguwa. Ya sa kuben ƙarfe, ya zame. Ya sake, ya zame. A waje ana ta danna hon, wata mata tana kuka da ɗanta, wani yana buga ƙofa yana cewa, "Malam Nomau, yaya dai?"

Ya ce a ransa, bari in cire na ɗan lokaci kaɗan. Ya zare kube. Wallahi bai yi niyyar komai ba, bai ma san ya yi ba. Hannun ne ya bi hanyarsa ta shekara da shekaru: ya ja ƙyallen baki ƙasa, ya kai yatsa harshe, ya dangwala a gefen takarda. Takarda ta ɗagu salin-alin, yatsa ya sauka a fuskar ganga. Sai a lokacin ya farga. Ya duba, bai ga komai ba. Ya goge wurin da hannun riga, ya mayar da kube, ya ce ai abin bai kai ya kawo ba.

Ya taka inji. Baƙar leda ta yi ta fitowa tana naɗe kanta, kyakkyawa kamar ta Birnin Ƙeƙas. Aka shimfiɗa ta a rufin kasuwa da na makaranta da na masallaci, mai gyaran rediyo ya haɗa wayoyi. Rana ta buga, injin rijiya ya yi tari, ruwa ya yi tsalle ya fito.

Kai, ranar an yi murna a Kanyar Baƙo! Mata suka yi ta guɗa, yara suka yi wanka da kayansu, aka sauke gadaje daga mota, aka sallami direbobi. Iya Gwamma ta sha ruwa a tafin hannunta ta ce, "Auta, Allah ya yi maka albarka. Yanzu ko gobe ne, na shirya." Nomau ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, har ya manta da ganga.

Ba a yi nisa ba, wata safiya mai gyaran rediyo ya hau rufin kasuwa ya ga wani ɗan tabo rawaya a cikin ledar, ƙarƙashin likin, inda hannu ba ya kaiwa. Taku kaɗan gaba, ga wani. Gaba kuma ga wani, a jere, tazara ɗaya, har ƙarshen naɗi. Aka duba makaranta, haka. Masallaci, haka. Da aka matsa kusa sai aka ga kowane tabo da zanensa, layi-layi a murɗe. Shatin babban yatsa ne, kuma duk garin babu wanda bai san mai shi ba.

Tabon ya yi ta ƙara faɗi kullum, rawaya tana cin baƙi. Ruwa ya koma siriri, ya koma ɗigo, ran nan injin ya yi shiru.

Babu wanda ya zagi Nomau, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Shi kaɗai ya hau rufi ya naɗe matattun ledojin, ya ɗauke su nesa da rijiya zuwa bayan gari, ya zauna a rana tsaka yana jira. Guguwa ta zo, Hucau ya fito.

Nomau ya kwanta a ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kayanku na dawo da su yadda aka umarce ni. Ka roƙa mini Magajiya ganga ɗaya. A yanke yatsan ma, na yarda."

Hucau ya ce, "Ya kai bil'adama, uwargijiyata ta ce in gaishe ka, domin ka cika alkawarin dalma. Amma ganga ba a ƙera ta sau biyu wa hannu ɗaya. Ta ce in gaya maka, 'yan'uwanka masana za su kai ga wannan aiki da kansu, su buga shi kamar yadda kake buga kalanda, har ya ishi kowane ƙauye."

"Yaushe, ranka ya daɗe?"

"Ba da jimawa ba, a lissafinmu."

"Tsohuwata ba ta da lissafinku."

Hucau ya sunkuya. Ya tattara ledojin, guguwa ta naɗe shi, ta yi gabas.

Motoci suka dawo. Wannan karon ba wanda ya ce a jira. Iya Gwamma ta sa aka raka ta bayan gari, ta tsaya a kan kaburburan nan ta yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana kallon ɗan filin da ta zaɓa wa kanta kusa da mijinta. Da ta ga ɗanta ya rantse ba zai tafi ya bar ta ba, ko da za su mutu tare, sai ta ce a ɗauko mata tsintsiyarta. Ba ta sake ganin Kanyar Baƙo ba. Damina ba ta kai ƙarshe ba aka binne ta a wani gari mai nisa, tsakanin mutanen da ba ta san sunan ko ɗaya ba.

Amma abin da waɗanda suka shiga mota ɗaya da su ba su manta ba, shi ne lokacin da aka tashi. Nomau yana zaune a kan ɗaurin kaya ya juya wa mutane baya, ya dunƙule babban yatsansa cikin tafin hannu, hawaye yana bin tokar da ke fuskarsa. Da mota ta zo daidai maƙabarta sai ya ce, "Iya, ni na raba ki da wurinki. Ki yafe mini."

Tsohuwar ba ta dubi kaburburan ba, shi ta duba. Ta ce, "Dubi yadda ka ɓata fuskarka, sai ka ce ba babba ba. Auta, matso nan."

Ya matso. Ta lashi babban yatsanta, ta goge masa kumatu.